Burodin Ƙwanni da Ranakun Asabar na Baba

Warin albasar da ta fara tsiro a rumfa shi ne abin da na fi tunawa daga safiyar da Baba ya rasu, shekara tara ke nan. Har yau idan ya bugi hancina sai in ji kamar yanzu za a ɗaga labule a faɗa mini.

Baba shi ne shugaban masu fataucin albasa na ɓangarenmu a Illela. Abokin karawarsa Alhaji Mamman ne, jagoran masu manyan motoci na Ƙwanni, garin da ke tsallaken boda. Rigimarsu ɗaya ce kullum: idan mota ta daɗe a boda kaya suka ruɓe, wa zai ɗauki asarar? Ran Lahadi, ranar kasuwa, sukan zauna a tabarma, kowa da jama'arsa a bayansa. Ina ƙarama nakan ji muryoyinsu daga nesa.

"Alhaji, mi kake so in ce ma manomana? In ce motarka ta yi barci?"

"Ce musu albasarsu ba ta da haƙuri, kamar mai ita!"

Sai a yi dariya, a ɗan ja, kafin la'asar an tashi, kowane ɓangare na ganin shi ya yi nasara. Na ɗauka baiwa ce kawai Allah ya yi wa Baba a harshe.

Yanzu harkar tana hannun Yaya Bashiru. Ofis gare shi, da fanka, da kujera mai juyawa. Ya je Sakkwato ya yi kwas na shugabanci da dabarun ciniki, ya dawo yana cewa kada ka bari abokin zamanka ya san abin da ke ranka. Ba na raina karatunsa, ni ma makaranta ta yi ni. Amma ina ganin yadda yake dawowa gida, ya zauna bai ko cire takalmi ba. Tun rufe bodar nan da aka yi, zumunci da mutanen Ƙwanni ya yi sanyi. Saƙon murya ake aika wa juna ta waya, kowa ya saurara cikin fushi. Manoman Lafani da Amarawa sun fara kai kayansu wurin wasu. Lahadi mai zuwa akwai zama, idan ya watse masu motocin sun ce sun bar ɗaukar kayanmu.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Wataƙila zai kalli wayar kawai, ya kalli Yaya, ya nemi hularsa.

Don akwai abin da yake yi duk Asabar. Yakan hau babur ya tsallaka Ƙwanni, ya dawo da yamma da dogon burodin nan nasu mai ƙamshi, ya miƙa mini, "Amshi, ɗiyata." Na girma ina jin cewa domina yake wannan tafiyar. Da wannan tunanin na yi makokinsa.

Watan jiya, a wani biki, na haɗu da Alhaji Mamman. Ya tsufa, sanda ke riƙe da shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce har yau ana labarin faɗansu da Baba. Ya daɗe yana dariya har ya share ido.

"Wane faɗa, ɗiyata? Duk Asabar gidana yake wuni. Shi faɗa mini abin da zai nema gobe, in faɗa mishi inda ba ni iya wucewa, don kada wani ya kunyata gaban mutanensa. Faɗan Lahadi, na jama'a ne."

Na faɗa wa Yaya da na dawo. Sai ya tambaye ni ko Alhajin yana nan a tsohon gidansa.

Burodin ma, ashe, ba Baba ke saye ba. Alhaji Mamman ne ke ba shi, ya ce a kai wa yarinyar.