Azumin Oga Garba

A duk shekarun da na yi a ma'aikatarmu, ranar da na ƙi sa wa ogana hannu ce ta kasa fita daga raina.

Ga sababbin cikinku: sashenmu yakan tura ma'aikata arewacin Yobe su auna yadda yashi ke cinye gonaki. Mota ba ta shiga wurin, a ƙafa ake yi, kwana uku, jaka a baya. Ni ne jami'in da ke tantance masu tafiya, ina matakin albashi na takwas a lokacin. Ba mai barin Abuja sai na duba ruwansa, gishiri da sukari, rawani da takalmi, mun yi tattakin gwaji a Sheda da ke wajen gari, sannan in sa hannu.

Wata Alhamis ce cikin Afrilu, muna tattakin gwajin, rana kamar ta dafa mutum. Dokata, duk rabin awa in na busa usur kowa ya sha ruwa. Oga Garba, mataimakin darakta, dattijo mai kusan sittin, shi ma yana cikin masu tafiyar, yana kai gora baki kamar kowa. Amma maƙogwaronsa ba ya motsi. Na ɗaga gorar, cike take fal.

Na ja shi gefe. "Oga, azumi kake yi?"

"Yau Alhamis, Iliya."

Nan na tuna rana ta biyu ta tafiyarsu cikin yashin ma Alhamis ce.

Na tambaye shi dalili. Sai ya ce shi da matarsa, marigayiya Hajiya Binta, shekara ashirin suna azumin Alhamis tare, kuma tun rasuwarta bai sha ko ɗaya ba. "In na sha, gani nake na bar ta ita kaɗai."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Amma yashi bai san tausayi ba.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Shi ya sa." Sai na ji bakina ya ƙara da cewa, "Ka bar min Alhamis ɗin. Ni zan yi azumin a nan, in roƙi Allah ya kai mata ladan. Kai ka sha ruwa, ka dawo wa 'ya'yanta."

Ya kalle ni. "Kai? Da ko a Ramadan tun azahar kake duba agogo?"

Ya yi dariya har ya kawar da kai yana goge ido. Ya yi min alkawari, na sa hannu. Ya je, ya sha ruwansa, ya dawo lafiya.

Abin da na koya ke nan: mai karya dokar tafiya ba kullum ne mai taurin kai ba. Ku tambaye shi dalili tukuna.

Oga Garba ya rasu bara. Yanzu mutum biyu nake yi wa Alhamis.