Ƙaron da Na Kai wa Autanmu

Ina aure a Gagarawa lokacin da autanmu ya zo hutu daga Turai. 'Yata tana da shekara tara, ciwon sikila kuma yana kayar da ita duk damina. An ce mini binciken maganin cututtukan gado yake yi a can, don haka washegari na hau mota sai gidanmu a Gumel.

Na same shi a tsakar gida yana shan fura, a rame kamar ba daga Turai ba. Ko gaisuwa ban bari ta yi tsawo ba.

"Auta, ina maganin?"

"Yaya, ni ba magani nake haɗawa ba. Abin naɗe shi nake nema."

Raina ya ɓaci. A ce duk shekarun nan ƙunshi ya je koyo! Bai ji haushi ba, sai ya tambaye ni yadda nake ba yarinyar ƙwaya mai ɗaci. Na ce cikin lomar tuwo nake cusawa, in ba haka ba ta tofar. Ya ce to jiki ma haka yake. Ana iya shirya gyaran abin da yaro ya gada, amma in an zuba shi haka nan cikin jini, jiki zai lalata shi a hanya. Aikinsa shi ne haɗa wani abu dangin roba ko ƙaro da zai dunƙule gyaran, ya kai shi har cikin ƙwayar halitta. Ban taɓa jin wanda ya sauƙaƙa abu mai wuya haka ba.

Ni dai ƙaro na riƙe. Ranar kasuwar Maigatari na je na zaɓo fari tas, na tsince ɓawon, na ƙulle a tsumma. In ƙaro ne matsalar, ba daga wurina za a rasa ba.

Da na kai masa, hannu biyu ya sa ya karɓa, bai yi dariya ba. Na tambaye shi ko maganin zai riski 'yata. Da wani ne, da ya lallaɓa ni ya rabu da ni.

"Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba na jin zai riske ta."

Na yi kuka sosai, amma har yau ina gode masa. Na daina zuba ido kan hanya, na koma kan yarinyata. Damina uku muka ƙara tare, ban yi wasa da ko ɗaya ba.

Bayan rasuwarta ya aiko wasiƙa da hoton teburin aikinsa. Ga ƙullin tsummana nan a gefen kwalabe.