Kurɓin Ruwan Achta

Ina kan layi a wata tashar motocin Marwa da ke nan Garwa, ina ƙirga kawunan da ke gabana, sai idona ya tsaya kan mai yankan tikiti. Siririya ce, da lalle a yatsu, ga gorar ruwa a gefenta. Sunanta ma a bakin patron, wato mai tashar, na ji, don ba ya fitowa daga ofis sai da ihu.

"Achta! Wa ya ce ki cika motar nan?"

Shi ya ce, duk mun ji. Amma tana hango tumbinsa a ƙofa sai ta kurɓi ruwa ta riƙe a baki. Yana zazzaga faɗa da Faransanci, yana ƙarawa da Fulatanci, ita kuwa kumatu a cike, sai gyaɗa kai. Sai ya juya take haɗiyewa. Ina jin albashin nan ba ita kaɗai yake ciyarwa ba.

Da layi ya zo kaina na ce, "Hajiya, wannan ƙishi haka?"

Ta miƙo min tikiti tana murmushi. "Ɗan'uwa, wadda ta riga ni zama kujerar nan gwanar mayar da magana ce. Ga ta can bakin ƙofa tana suyar ƙosai."