Ranar da Gwamnati Ta Ce In Yi Hausa

Da ƙarfe goma na safiyar wata Talata, muna zaune gindin bedin makaranta, wato dogon yaro, muna karyawa da wake da kisra, wainar dawa mai faɗi, wata farar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Ina aji takwas a shekarar, an gama yankan dawa, ruwan madatsar Rusairis da ke nan Sudan ya fara ja baya yana bar mana laka ta shuka kuɓewa. Maza biyu da mace guda suka sauko, suka ce daga wizarar siyaha suke, wato ma'aikatar yawon buɗe ido. Za su kawo baƙi su ga madatsar ruwa da masunta, sannan su ga al'adun ƙauyenmu. In baƙi suka saba zuwa, in ji su, mata za su sayar da faifai da tabarmi, masu kwalekwale su sami haya, har hanya za a gyara.

Ustaza Nafisa, malamarmu, ni ta zaɓa in yi jawabin maraba. Ba don ina da baki ba. Ni ce wadda ake nema bayan rumbu da littafi lokacin da sauran yara ke carafke, ko in tafi ɗebo ruwa in dawo ban ce wa kowa uffan ba. Ta dai san ba na tuntuɓe a hadda. Sai ta ƙara da cewa mutanen ma'aikatar sun roƙa a yi jawabin da Hausa, a gaban kyamara.

A gidanmu Hausa ta cikin gida ce, ta gona da bakin turmi. Gaban ma'aikacin gwamnati kuwa Larabci ake yi, tsantsa. An haifi Baba a nan, an haifi babansa a nan, amma duk wanda ya je neman takardar zama ɗan ƙasa sai an ce ya kawo shaidar kakanni. Tawa takardar tana can ofis ba ta fito ba, kuma ba a zama jarrabawar ƙarshe sai da ita.

Garin ya cika da zargi. A bakin kogi mata na wanki suna cewa, "Yaushe gwamnati ta fara sha'awar turminmu?" Wasu suka ce ƙidayar waɗanda ba 'yan ƙasa ba ce aka sa wa riga. Inna dai ta ci gaba da saƙa faya-fayai masu launi tana jibgewa ƙarƙashin gado, ko Allah zai kawo kasuwa. Baba ya kira ni bayan la'asar ya ce, "Hauwa'u, da Larabci za ki yi. Kowa ya tambaya, ni na ce."

Ranar da suka zo, maza suka sa jallabiya, mata suka yafa tob, lulluɓin matan Sudan, aka shigar da turame ɗaki. Na tsaya na yi maraba da Larabcin littafi, ban kuskure ko wasali ba. Ina kallo mai kyamara ya sauke ta a hankali. Suka sha shayi, suka leƙa agogo, suka wuce madatsa. Ba su sake dawowa ba. Faya-fayan Inna muka yi shekaru muna rufe ƙwarya da su. Takardata ta fito, na zauna jarrabawa, kuma har yau ban san ko abin da na yi ne ya fito da ita ba.

Yanzu yaƙi ya kori ko zancen baƙi, 'ya'yan yayana kuwa in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Abin da muka ɓoye ya fara ɓace mana. Bara na zauna kusa da Baba yana gyaran komar kamun kifi, na tambaye shi ko mutanen ma'aikatar nan da gaske suke.

"Wataƙila da gaske suke, ɗiyata," in ji shi. "Da sun zo da takardarki a hannu guda, kyamara a ɗayan, wallahi ni da kaina zan yi musu waƙa."