Yadda na zaɓa wa ƙanwata seri A

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Urafane, akwai dokar da ba wanda ya rubuta: duk takardar da ta shigo da faransanci a jikinta, hannun wanda ya fi kowa nisa a lakwal, wato makarantar boko, take zuwa, kuma abin da ya ce shi ke nan. Ta rigakafin shanu ce, ta asibiti ce, ko wadda aka naɗo ƙosai a ciki aka ga tana da hatimi, duk ɗaya. Baba ba ya ƙetare wannan doka. Yakan ce shi gona ya sani, kuma tunda ɗan lakwal bai taɓa zuwa ya gaya masa ranar shuka ba, shi ma ba zai sa musu baki a nasu ba. Kafin ni, wani kawunmu ne ke riƙe da wannan sarauta da ajinsa huɗu na firamare. Ranar da na samu bak, wato jarrabawar ƙarshen lise, aka tuɓe shi ba ko sallama.

Bari in faɗi irin bak ɗin da na samu, tunda a ƙauye ba wanda ya tambaya. In yaro ya gama kolej, wato ƙaramar sakandare, zai shiga lise, wato babbar, hanya biyu ce a gabansa. Akwai seri A, ta adabi da filo, wato falsafa, da harsuna, akwai seri C, ta lissafi da kimiyya. Ni A na bi, kuma da gudu na bi ta. Lissafi ya wahalar da ni tun ina aji biyu na kolej, har na kai in na ga mushen lissafi, wato malamin, ya nufo aji sai in koma kujerar baya. Amma ba haka na faɗa a gida ba. Cewa na yi A ita ce ta manya, ta alƙalai da ministoci, masu C kuwa wahalallu ne da ba su iya magana ba. Na faɗa sau da yawa har ni ma na fara yarda.

Shekarar da ƙanwata ta kai ajin ƙarshe na kolej, ina shekara ta biyu a jami'a ina karanta ilimin zamantakewa. Aka shiga yajin karatu, na dawo gida da bazara, daidai lokacin sharar gona. Ban taɓa ko tsinke ba. Ina zaune a zaure da littafi mai kauri da tabarau wanda idona bai buƙata, ƙannena maza suna dawowa buɗu-buɗu da toka, ni kuma ina gyara musu yadda ake faɗin kalmomin faransanci.

Ita ƙanwar tawa wata irin yarinya ce. Awakin Inna a hannunta suke tun tana ƙarama, kuma tun kafin akuya ta kwanta ciwo takan ce wannan ba lafiya. In an yanka dabba, sauran ƴan mata na gudun tumbi, ita tana tsugunne tana buɗa shi da kara, tana zaro baƙar leda da dabbar ta haɗiye, tana nuna wa Inna abin da ya hana ta ƙiba. In ma'aikacin kiwo ya zo rigakafi, tana biye da shi da tambaya har ya hau babur. Likitar dabbobi take son zama, kowa ya sani. Lissafi kuma, abin haushi, kamar shan fura yake a wurinta. Na taɓa leƙa kayenta, littafin da take aiki a ciki, na ga abin da ya kore ni daga C an warware shi a layi huɗu, da rubutu mai kyau, ba ko gogewa.

Sai ga ta da takardar zaɓen seri daga kolej, wadda uba ko mai riƙo zai sa wa hannu. Ta durƙusa ta miƙa wa Baba. Baba bai ko juya ta ba. Da yake ni ne ɗan fari ba ya kiran sunana, sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Kai wa wancan."

Ta ce, "Yaya, C nake so. Mushe ya ce in sa C."

Na ce ta ajiye, zan duba.

Da mushen lissafinsu ya ji takardar ta kwana uku ba ta dawo ba, sai ya hau babur ɗinsa ya zo har gida bayan la'asar. Siririn mutum ne daga wajen Attantane, mai maganar sanyi, rigarsa ta ƙoɗe a kafaɗa. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta suka taru, don a ƙauyenmu baƙo da babur ba ya zuwa a bar shi shi kaɗai. Ya gaida Baba, ya sha ruwa, ya ɗauki kara ya zana layi biyu a ƙasa.

Ya ce, "Baba, maganar ba ta da tsawo. In ta bi wannan, C, gobe in ta ga dama ta yi likita, ko aikin gona, ko kiwo. In ma ta canza ra'ayi tana son shari'a ko aikin jarida, za a karɓe ta. In kuwa ta bi wancan, A, shari'a da koyarwa suna nan, amma likita da kiwo sun rufe, ba kuma a dawowa. Yarinyar nan tana da kan da za ta bi wadda ba ta rufe komai. Ku bar mata ita."

Gaskiya ya faɗa tsantsa, kuma na san gaskiya ce. A jami'a na ga masu bak ɗin kimiyya zaune tare da mu a ajinmu, ban taɓa ganin namu ko ɗaya a nasu ba. Amma ga mutanen gari sun zuba ido, ga wani mushen ƙauye ya zo har ƙofar gidanmu yana bayanin takarda alhali ina zaune. Kuma can ƙasan raina akwai abin da ya fi wannan muni. In yarinyar nan ta shiga C ta wuce, wata rana wani zai tambaya me ya hana yayanta.

Sai na gyara tabarau na buɗe masa faransanci. Na kira shi "cher collègue", wato abokin aiki, ni da ban taɓa riƙe alli ba. Na yi maganar ɗan Adam da ruhinsa, na jawo sunayen masanan filo uku da ban gama littafin ko ɗayansu ba. Duk lokacin da ya amsa da Hausa don Baba ya ji, sai in mayar masa da faransanci don kada Baba ya ji. Mutanen gari ba su fahimci komai ba, amma suna da ma'auninsu: wa ya fi daɗewa yana magana, wa kuma ya fi ɗaga hannu. Da na ga sun karkato, sai na sauko Hausa na yi musu mai dalili.

Na ce, "Jama'a, mun sa yarinya lakwal don ta rabu da awaki. Yanzu a ce ta yi shekara ashirin tana karatu don ta dawo ta zura hannu a bayan saniya? In wannan ne, ai ba sai an je lise a Tasawa ba, ga garke nan a bayan gida."

Aka fashe da dariya. Kawun nan da aka tuɓe har da buga ƙafa. Mushen bai yi dariya ba. Ya dube ni irin kallon da malami ke yi wa yaron da ya san amsa ya ƙi faɗa.

Baba ya ce, "Mushe, mun gode, Allah ya saka. Ka taso cikin rana saboda ɗiyarmu. Amma takardar gidan nan tana da mai ita."

Na sa alama a A. Baba ya dangwala yatsa inda na nuna masa. Ƙanwata tana bayan darni tana ji, da ta fito karɓar takardar idonta ya yi ja. Na ce mata kada ta damu da maganar mushe, mutanen kolej ba su san yadda jami'a take ba, bak bak ne, in kana da shi ko'ina za ka shiga. Ta ce, "To, Yaya."

Ta ci jarrabawa, ta tafi lise a Tasawa, ta zauna wurin gwaggonmu. Ba a yi wata uku ba ta ji daga bakin kowa cewa mai A ba ya shiga kiwo. Ta kira ni a waya. Nan ne ya kamata in ce na yi kuskure, don a lokacin da an yi ƙoƙari da wataƙila an canza mata aji. Maimakon haka sai na ƙara wata ƙaryar a kan ta farko. Na ce dokar tana da ƙofar baya, wanda ya fito da sakamako mai kyau sosai ana karɓarsa, kuma na san mutane. Mutanen da na sani a jami'a su ne mai gadi da mai sayar da shayi a bakin ƙofa.

Ta riƙe maganar nan shekara uku. Gwaggo ta ce yarinyar ko kasuwar Tasawa ba ta sani ba, daga lise sai gida, tana haddace filo kamar mai shirin saukar karatu, da hutu kuma tana ara littattafan ƴan C tana bi ita kaɗai don kada a bar ta a baya. Ta fito da bak wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba. A ƙauye aka yi ta yi mini barka, wai ni na ɗora ta a hanya. Na karɓa.

Ni na raka ta jami'a yin rajista, tunda takarda ce. Muka bi layi a tagar sashen noma da kiwo tun safe. Duk tsawon layin ina neman yadda zan faɗa mata, ina cewa bari mu wuce mutum ɗaya tukuna. Har muka iso. Wani dattijo ne a tagar, da tabarau na gaske. Ya duba takardunta, ya ɗaga gira da ya ga sakamakon, sannan ya ga harafin seri ya turo mata su waje.

Ya ce, "Ɗiyata, nan ba a karɓar A."

Ta ce, "An ce in sakamakon ya yi kyau ana karɓa."

"Wa ya ce? Ba a taɓa yi ba. Wane ne ya ba ki shawara tun farko?"

Ina tsaye a kafaɗarta riƙe da jakar takardunta. Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Ba kowa, Baba. Ni na zaɓa da kaina."

Dattijon ya girgiza kai, ya shiga yi mata faɗa a gaban layi, wai haka yaran yanzu suke, su ga lissafi su ruga, sai an zo nan su tsaya suna zare ido. Ita da ke warware lissafi a layi huɗu ta tsaya tana cewa, "Haka ne, Baba, a yi haƙuri." Ni kuwa da na tada mushe da faransanci a ƙofar gidanmu, ko tari ban yi ba.

Ta karanta tarihi. Yanzu tana koyarwa a wata kolej a Mayahi, ɗalibanta suna sonta, an ce ba ta wasa da takardar zaɓen seri, takan bi iyaye har gida. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. In na je gida da Sallah tana durƙusawa ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa, ta ce Yaya ya hanya. Wallahi da ta zage ni sau ɗaya da na fi samun sauƙi. Baba kuma har ya rasu yana gaya wa baƙi cewa ƴaƴansa biyu sun yi jami'a, kuma babban ne ya nuna wa ƙaramar hanya.