Mama Rahab da Kunnen Kwali

"Mama Rahab, ki ba mu hanya. An yi ruwan shuka jiya!"

"Na ji ƙamshinsa, Alhaji. Amma kwalayen nan masu ƙyalli ba za su fita ba."

Alhaji Maiwada, shugaban ƙungiyar manoman Tsiga, ya waiwaya ya dubi jama'ar da suka cika bakin sito da babura. Irin masara kashi biyu ne a ciki. Na farko kwalayensa sun koɗe, jan rubutunsu ya koma fari-fari. Na biyu wani sabon dillali ya sauke shekaranjiya, launinsu sai ka ce amarya ranar buɗar kai. Kowa na biyun yake so.

"Idon tsohuwa ne ya tsufa, ba kwali ba!" in ji wani manomi, Sada, daga kan babur ɗinsa.

Shekara ashirin da bakwai ke nan Mama Rahab tana buɗe siton nan da sassafe, ta share, ta ɗora kwalaye kan katako don kada su sha danshi, ta rufe taga da buhu kafin rana ta leƙo. A nan ta koyi abin da mu ba mu sani ba: rana launi take ci, shekaru kuwa jiki suke ci.

Ta jawo koɗaɗɗen kwali, ta lanƙwasa kunnensa. Ya lanƙwasu, ya dawo. Ta lanƙwasa na mai ƙyalli. Ƙas! Ya karye kamar busasshen kara, cikinsa ruwan ƙasa, yana zubar da gari.

"Wancan sati uku ya yi a rana a tashar Funtua, shi ya koɗar da shi. Wannan kuwa shekaru ya kwana a duhu, takardar kwanan watan ce kawai sabuwa. Mai sauri ya ɗauki koɗaɗɗe. Mai shakka ya ba ni kwana huɗu."

"Idan laimar ta tafi fa?" in ji Alhaji. "Ke za ki dawo mana da ita?"

Mutum shida kacal suka ɗauka. Sauran suka tashi babura ko sallama babu.

Ta jiƙa buhu biyu, ta jera ƙwaya ashirin-ashirin daga kowane kashi don ta gwada tsirarsu. Kwana huɗu tana yayyafa ruwa tana duban sama, gaisuwarta ma wasu sun daina amsawa. Ta san in ta yi kuskure, daminar gari guda ce a wuyanta. A rana ta huɗu aka buɗe buhunan a gaban kowa: koɗaɗɗe ya tsiro sha tara, mai ƙyalli uku. Sada ya cire hularsa ya rasa inda zai sa ido.

Ke ce, Mama Rahab, garkuwar rumbunanmu. Ke ce kika shanye zagi don mu ci tuwo. Wallahi ina rubutu idona na cikowa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu riƙe da mabuɗin amanar jama'a, ku zo ku ga yadda ake tsayawa a bakin ƙofa.

Jiya ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Da ta miƙa mabuɗi, Alhaji Maiwada ya ɗaga shi sama ya ce:

"Ku shaida! Daga yau babu kwalin da zai shiga siton nan sai an lanƙwasa kunnensa."