Tunkuzar da Na Sayar wa Goggo Hajjo

Ni ba da cuta na tashi ba, kada wani ya gaya muku haka. A gidan masu matsar mai aka haife ni, a Lafiya, zamanin En'e, tun Turawa ba su tafi ba. Sana'ar uwata matsar man gyaɗa da na riɗi, kuma tun daga bakin lungunmu ƙanshin suya ke sanar da baƙo ya iso. Mai na mutane ne, tunkuza kuwa, wato abin da ya rage bayan an matse man, mukan shanya ta mu sayar wa masu turka shanu.

Kai, wancan zamani! Kusan kowane gida akwai sa ɗaure a turke ana cusa masa abinci. Wannan ya ba shi harawa, wancan ƙowar wake, wani angurya, wasu kuma su karɓo dusar burkutu wurin matan Eggon. Matan Keana su iso da gishiri a ka, a barbaɗa wa sa ya lasa. Amma kowa ya san ba abin da ke sa tozo ya miƙe, fata ta yi sheƙi, kamar tunkuza mai sauran maiƙo. Shi ya sa mai saye yakan damƙe ta a hannu, in tafinsa ya yi maiƙo ya biya.

Da uwata ta rasu na gaji turmi da kasko, na gaji masu sayenta. Cikinsu akwai Goggo Hajjo, Bafulatana ce da ke zaune a hanyar Ashige, ƙawar uwata. Ciwon sammore ya cinye garken mijinta, shi ma bai daɗe ba ya bi su. Maraƙi guda ya rage mata, ja mai farin goshi. Ta turke shi, ta ce in ya cika za ta sayar ta sayi karsana, garke ya dawo. Ita ba ta taɓa damƙe tunkuzata ba. Sai dai ta miƙo ƙwarya ta ce, "Zuba min, 'yar ƙawata," mu zauna mu ci rogo tana tsokanata wai hancina na Haɓe ne, ba ya jin ƙanshin nono.

Sai shekarar da 'yan baranda suka riƙa kwashe gyaɗa da riɗi suna kai wa kamfani. Kaya suka yi tsada. Na fara da ƙara dusa kaɗan a tunkuzar. Ba wanda ya gane. Na koma daka ɓawon gyaɗa ina haɗawa, in yayyafa manja a kai don tafin mai saye ya yi maiƙo. Wani mahauci ya ce tunkuzata ta yi sauƙi a hannu, na zage shi tas a tsakiyar kasuwa, na ce in bai iya kiwo ba ya koma fawa. Mutane suka yi dariya. Daɗin wannan dariyar ya ƙarasa lalata ni.

A bayan gidanmu akwai zurma, muna matse 'ya'yanta don man fitila da na shafa. Abin da ya rage zubarwa ake yi, uwata ma binnewa take yi don kada kaji su tona su ci su mutu. Na san wannan sarai. Amma na dubi tulinsa na ce ai shi ma tunkuza ne, kuma sa ba kaza ba ne, ƙaton ciki gare shi. Na soya, na haɗa da ta gyaɗa, na sa manja da gishiri don su ɓoye ɗacin. Goggo Hajjo ce ta fara zuwa ranar. Na cika mata ƙwarya har da gyara.

Kashegari aka ce bajiminta ya kwanta, yana zawo da jini. Na tafi, har ina yi mata jaje. Na same ta a zaune a ƙasa, kansa a cinyarta, tana ɗura masa ruwan kanwa tana kiransa da Fulatanci. Kafin a nemo mai yanka ya cika. Ko naman ba a mora ba.

Shanun wasu gidajen ma suka mutu. Malamin dabbobi ya sa aka farke ciki, aka ga ɓawon zurma da zane-zanensa. 'Yan doka suka tarar da sauran a randata. A gaban alƙali na rantse ban sani ba, ina ta ɗaga murya kamar yadda na saba. Da aka tambayi Goggo ko ta duba abin da ta saya, sai ta ce, "Allah ya gafarta malam, wadda ta sayar min ɗin nan, ni na yi mata wankan jego. Me zan duba?" Alƙali ya yanke min ɗauri mai tsawo.

A gidan yari niƙan dawar fursunoni aka ba ni, har gwiwoyina suka yi kanta. Bayan na fito ne, da furfurata, na shiga ajin manya na koyi wannan rubutu da kuke karantawa.

Ranar da aka sake ni ban nufi gida ba, wurinta na tafi. Ta riga ta koma rugar ƙaninta, tana tatsar shanun da ba nata ba. Na durƙusa. Ta ce ta yafe tun ina ɗaure, ta kawo min fura. Na sha ina kuka, ita kuwa tana tambayata ko an gyara rufin ɗakin uwata.

To, yara, ku da ke sayar da abincin dabbobi ko kuke shirin farawa, ku ji ni da kyau. In kaya sun yi tsada, ku faɗi gaskiya ku ƙara kuɗi, wanda zai saya ya saya. Kada ku zuba wa dabbar wani abin da ba za ku iya faɗin sunansa a gaban mai ita ba. Kada kuma ku ruɗi kanku da cewa za ku tuba daga baya. Ni na tuba, an yafe min, amma har Goggo Hajjo ta koma ga Allah ba ta sake mallakar ko maraƙi ba.